GANYE SHI NE MADAFIN SHUKA

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu suna tsammani ƙasa ce shuka take ci. Wani masani mai suna Van Helmont ya gwada wannan, aka buga labarin a 1648. Ya dasa itace mai nauyin kilo 2 cikin tukunya, ba ya ba shi kome sai ruwa. Bayan shekara 5 itacen ya kai kilo 76, amma ƙasar tukunyar ba ta ragu da ko giram 60 ba.

To, daga ina nauyin ya fito? Allah ya shirya ganye ya zama madafi. Saiwa tana jawo ruwa. Ganye kuma yana da ƙananan ƙofofi inda yake shaƙar irin iskar da muke fitarwa cikin numfashi. Koren nan na ganye yana kama hasken rana, da ƙarfinsa yake haɗa ruwan da iskar su zama sukari. Shi ne zaƙin da muke ji cikin takanda, shi ne kuma yake zama garin da ke cika ƙwayar dawa. Taki yana taimakon ganye ya yi kore, amma ba ya maye gurbin rana.

Saboda haka kada mu zage ɗanyen ganyen dawa ko masara domin awaki tun ƙwaya ba ta ƙosa ba, musamman ganyayen sama. Wanda ya yi haka zangarniyarsa ba za ta yi nauyi ba, rumbunsa kuwa zai ƙare kafin damina. Mu yi noman fari da wuri, kada ciyawa ta tare wa shuka rana. Mu tattauna wannan a taron ƙungiya mai zuwa.