Ƙanƙara da rufin ɗaki: maganganu biyar da muka saba faɗa, alhali ba haka abin yake ba

Duk ranar da ƙanƙara ta zuba a wani yanki, kiran da ake yi mana kusan iri ɗaya ne: gero ya kwanta, wake ya kakkarye, ƴan awaki sun ji ciwo. In muka tambayi labarin ɗakuna, sai a ce: "Ai lafiya lau, ba ya yoyo." To, a nan gizo ke saƙa. Ba kasafai ƙanƙara ke kayar da rufi a ranar da ta sauka ba. Hanya take buɗewa, ruwan da ke biyo baya shi ke ƙarasa aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga maganganu biyar da muke yawan ji, da abin da ke gaskiyar kowace.

Ta farko: "Ƙasarmu ta zafi ce, ƙanƙarar nan ba ta da ƙarfi"

Zafin ƙasa ba ya hana ta. Hasali ma shi ke tayar da iskar da ke haifar da ita. In ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi takan yi sama da ƙarfi cikin hadari, ta kwashi ɗigon ruwa. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, saboda haka a wajen kilomita 5 sama da kanmu ruwa daskarewa yake, ko da mu a ƙasa gumi muke. Ƙwayar takan yi ta tara ruwa tana girma har ta fi ƙarfin iskar, sannan ta faɗo. Da yawa kan narke a hanya, manyan ne ke isowa.

Kuma girman ba abin rainawa ba ne. In faɗin ƙwaya ya ninka biyu, nauyinta sau takwas yake ninkawa. A Bangaladash, ƙasa mai zafi, ƙanƙarar da ta zuba a Gopalganj ranar 14 ga Afrilu 1986 ta kai kilo ɗaya, ta kashe mutum 92. Tamu ba ta saba kaiwa nan ba, alhamdulillahi, amma da iska take tafe, iskar ce ke jifar rufi da bango da ita kamar tsakuwa daga majajjawa.

Ta biyu: "Tunda bai yi yoyo ba, babu abin da ya same shi"

Wannan ita ce mafi haɗari, musamman ga mai soro ko shigifa. Abin da ke kare rufin ƙasa shi ne ɗan yaɓen nan na sama da aka daddaɓe aka lailaye, da gangaren da ke kai ruwa indararo. Ƙanƙara takan sassare yaɓen, ta bar ƙananan ramuka kamar sawun kaji. Ruwan gaba ba ya gudu, kwanciya yake cikin ramukan yana tsuma ƙasa. Inda ƙasar ta yi ƙaranci, ledar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi kan fito fili, rana ta cinye ta.

Ga kuma indararo. Ƙanƙara, ganyen da ta kakkaɓo da ƙasar da ta kankare sukan taru su toshe bakinsa. Ruwa ya tsaya a sama, ya bi kan bango ya sauka har inda kan azara ya zauna. Itace ya jiƙa ya ruɓe, gara ta samu shiga. Duk wannan a ɓoye yake faruwa, sai cikin Agusta, da ruwa ya jera kwanaki, ɗaki ya zauna kan mutane da tsakar dare. Mun ga abin da ruwa ya yi wa gine-ginen ƙasa a daminar 2024. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ba ƙanƙara ce ta kayar da shi ba, ruwa ne, kuma darasin kenan: ginin ƙasa in ruwa ya samu ƙofa, ba ya jin magana.

Ta uku: "Tol ya lotsa, sai an canza shi duka"

Ƙarar ƙanƙara a kan tol takan sa mutum ya zaci duniya ce za ta tashi. Amma lotsewa kaɗai ba yoyo ba ne. Falle mai ƴan lotse-lotse kan ƙara shekaru yana aiki. Kada wani ya tsorata ku ya sa ku sayar da akuya a banza.

Wuraren dubawa uku ne. Bakin ƙusa: in ramin ya faɗaɗa ko robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar ta tsage, ruwa ta nan zai bi. Mahaɗar falle da falle: in ta ɗaga, iska za ta tura ruwa ciki. Sai inda fenti ko farin shafen tol ya ɗaye: daga nan tsatsa ke farawa. Ga dabara mai sauƙi: da rana tsaka a shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a ɗaga kai. Duk inda haske ya leƙo, ruwa ma zai leƙo. A canza ƙusar, a liƙe ramin da kwalta, a canza fallen da ya tsage kaɗai.

Masu faifan sola a kan ɗaki su ma su duba. Na kirki akan gwada shi da ƙwayar ƙanƙara mai faɗin milimita 25 tana gudun kusan kilomita 80 a awa, amma ba kowane na kasuwa ne ya bi ta wannan gwaji ba. Gilashin da ya tsage yana shan ruwa, wutar takan ragu sannu a hankali.

Ta huɗu: "A ƙara zuba ƙasa a sama, shi kenan"

Gyara daban, lodi daban. Mu yi lissafi. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, in aka ƙara masa ƙasa mai kaurin santimita 5, an ɗora masa fiye da tan ɗaya, wato sama da buhun gero 10 masu kilo 100. In ta jiƙa, nauyin ƙaruwa yake. Ka yi haka bana, ka yi baɗi, azarar dai ita ce ta jiya.

Maginan kirki sukan kankare wadda ta farfashe tukuna, su cike ramuka da kwaɓin da ya tsumu da ciyawa, su daddaɓe, su fitar da gangare zuwa indararo. In azara ta lanƙwashe ko ta fara zubar da gari, ƙarin ƙasa ba magani ba ne. A sa mata tokara nan take, a kwashe yara da tsofaffi daga ɗakin har a gyara.

Haka ma duwatsu da bulo da muke jerawa kan tol don iska. Ba su maye gurbin ɗauri mai kyau da waya ko ƙusa, kuma in guguwa ta ɗaga tol ɗin, kan wanda ke tsakar gida suke faɗowa.

Ta biyar: "Ɗakin ciyawa ba ruwansa da ƙanƙara"

Gaskiya ne jinka na shanye dukan, ba a jin ƙara. Sai dai tsohuwar ciyawa karyewa take, ɗauri ya sassauta, rufi ya yi sirara a wasu wurare. Kada mu manta rumbu. Ɗigo kaɗan a kan damin gero ya isa ya kawo ruma, abincin da aka tanada don tsakiyar damina ya lalace. Ƴan uwanmu makiyaya masu rumfar tabarma da tanti su ma su bi ɗinki da igiyoyi.

Me za mu yi bayan ta zuba?

Kada a hau rufi ana cikin hadari, tsawa ba ta da aboki. Kada a tattake rufin ƙasa yana jiƙe sharkaf, ƙafa ma rami take yi. Daga kan tsani a buɗe indararo da sanda, sannan a jira sama ta sha iska. Washegari a duba ciki: tabon jiƙa a bango, ƙasa na zubowa, ƙofa ta fara cijewa. A duba sama: ramuka, tsaga, leda a fili. Wanda ya yi asara ya sanar da mai gari da ma'aikatar magajin gari da wuri, in da waya a ɗauki hoto.

Mu tuna da maƙwabta. Akwai tsohuwar da ba ta da mai hau mata soro, akwai gidan da maigida ya tafi cirani. Matasa, awa ɗaya da kwando da tsani ta isa.

Mu ci gaba da sauraren hasashen yanayi na hukumar meteyo da muke kawo muku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.