Sana'ar POS a Gwantu: aikin da nisan banki ya haifar

Duk wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Jos ya ratsa Gwantu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, zai ga laima a bakin titi, ƙarƙashinta tebur da 'yar na'ura, da saurayi ko budurwa suna ƙirga kuɗi. Tun a 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, amma harkar ba ta kankama ba sai da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka sa na'urar ta yi araha.

Nisa ne ya buɗe wannan kasuwa. Bankuna sun fi yawa a Kafanchan da Akwanga, kuma manomin da zai cire dubu biyar ba zai kashe rabinta a kuɗin mota ba. Sai kuma canjin fasalin naira da aka sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har tsofaffin da ba sa yarda da komai sai takarda a hannu suka koyi jiran alat.

Alherin a bayyane yake. Matan aure da waɗanda suka gama Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ba su samu aiki ba sun sami abin yi. Dillalin doya ko citta ya daina ɗaure dubban kuɗi a ƙugu yana bin hanyar da ake fargabar 'yan fashi.

Sai dai a dubi wanda ke zaune ƙarƙashin laimar. Sau da yawa na'urar da jarin na ubangidansa ne, shi ɗan albashi kawai yake karɓa a ƙarshen wata. In aka damfare shi da alat na bogi, ko sabis ya ɗauke kuɗi suka maƙale, daga guminsa ake cirewa. Abin da ya fi damuna shi ne yaro ya shekara biyu a wurin nan bai koyi wata sana'ar da zai riƙe ba. Ga shi tebura sun yi yawa, cajin ya ragu, masu shaguna kuma sun manna lambar asusunsu a bango ana tura musu kai tsaye. A Disamban 2024 Babban Bankin ya ƙayyade naira dubu ɗari a rana ga mai cire kuɗi a wajen wakili, wanda ya ƙara matse cinikin ranar kasuwa.

POS ya sauƙaƙa jujjuya kuɗi, amma bai ƙara buhu ɗaya a abin da Sanga ke fitarwa ba. Masu jari da ƙungiyoyin manoma su karkata ga injin yanka citta da busar da ita, da injin garin rogo, domin nan ne matasanmu za su sami aikin da zai daɗe.