Dutsen Kalambaina da Buhun Siminti

Ma'adinan masana'antu su ne duwatsu da ƙasa da ake haƙowa ba don a narka su a fitar da ƙarfe ba, ba kuma don a ƙona su a sami makamashi ba, sai don amfanin jikinsu, kamar yumɓu da gishiri da dutsen farar ƙasa, wanda shi ne tushen siminti. Ba banza aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato ba, wanda ya fara aiki a 1967, ko na Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, domin masana duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ya taɓa mamaye wannan yanki, kuma ɓawon halittun ruwa da ya taru a ƙarƙashinsa shi ne ya daskare ya zama farar ƙasa. Har yau akan tsinci burbushin ɓawon a jikin dutsen.

Samun dutsen kaɗai ba ya wadatarwa, domin duwatsu biyu kan yi kama a ido alhali cikinsu ya sha bamban. Shi ya sa masani kan huda ƙasa ya zaro ɓargon dutse, ya yanki ɗan ɓallinsa ya goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, wato har haske ya riƙa ratsa shi, sannan ya duba shi da madubin ƙara girma. Abin da ya fi tsoro shi ne dolomait, wani ma'adini mai sinadarin maganiziyam da ke ɓuya cikin farar ƙasa, wanda idan ya yi yawa sai siminti ya riƙa kumbura sannu a hankali bayan an gama gini, har bango ya tsage, mai gida kuwa ya ɗora wa magini laifin da ba nasa ba.

Da sakamakon wannan bincike injiniya ke auna yawan yumɓun da za a gauraya da farar ƙasa kafin a gasa su a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, inda suke dunƙulewa su zama tsakuwar da ake kira kilinka. Wajen niƙa ta ne ake ƙara jibsin kaɗan, wani ma'adini mai taushi da farce ke iya karta, domin ya hana kwaɓin siminti saurin daskarewa kafin magini ya gama shafe.