Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Abin da Ke Cikin Saƙon Imel

Saƙon imel ɗin nan da ke shigowa wayarka da tambari da launuka da maɓallin dannawa, ƙaramin shafin intanet ne. Da HTML aka rubuta shi, harshen da ake gina shafuka da shi, kuma wanda ya rubuta shi baƙo ne da ba ka san zuciyarsa ba. Nauyi biyu ne a kan manhajar imel: ta nuna maka saƙon yadda aka tsara shi, ta kuma hana shi cutar da kai. A tsakanin biyun nan ne abubuwan mamaki suka taru.

Asali ma ba don ado aka yi imel ba. Tun daga 1971, da Ray Tomlinson ya aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu, har shekara ashirin bayan nan, haruffan Ingilishi tsura hanyar take ɗauka. Sai a 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya buɗe ƙofar hoto da sauti da sauran harsuna. A watan Maris na shekarar Borenstein ya gwada shi da aika hoto da muryar wata ƙungiyar mawaƙa ta mutum huɗu da yake cikinta. Dabarar ita ce a juya komai ya koma haruffa kafin ya kama hanya. Har yau haka ake yi, shi ya sa hoto mai nauyin megabait 3 yakan kumbura ya kai kusan 4 a cikin saƙo.

Yawancin saƙonnin kamfanoni tagwaye ne. A ciki akwai kwafi na rubutu zalla, a bayansa kuma kwafi mai ado. Manhaja takan ɗauki na ƙarshe idan tana iya nuna shi, ta ɓoye ɗayan. Babu kuma abin da ya tilasta wa mai aikawa ya sa kwafin biyu su faɗi magana ɗaya.

Mai rubutu da Hausa ya san wani ciwon da Bature bai cika sani ba. Ka rubuta "ƙasa", ta isa wajen abokinka a matsayin "Æ™asa". Ba aljanu ba ne, kuma ba laifin wayarsa ba ne. A tsarin UTF-8, harafin ƙ gurbi biyu yake ci a ma'ajiyar kwamfuta. Idan saƙon bai bayyana tsarin da aka rubuta shi da shi ba, ko manhaja ta karanta shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa: na farko Æ, na biyu ™. Haka ɗ ke komawa "É—". Wanda ya leƙa ɗanyen saƙon kuwa zai iya ganin ƙ ɗin a rubuce kamar haka: =C6=99. Layi ɗaya tak a goshin saƙo, mai bayyana tsarin da aka rubuta shi da shi, ke raba gardamar nan, kuma abin takaici ne a ce har yanzu wasu masu tura saƙonni suna sakaci da shi, har mutane suka gwammace su zubar da lanƙwasar haruffansu don gudun ɓacin rana.

An yi shekara da shekaru mutane na ganin harafin J shi kaɗai a ƙarshen saƙon abokan aiki, suna tambayar ma'anarsa. Murmushi ne. A da, manhajar imel ta Outlook takan mayar da alamar murmushi ta koma harafin J a salon rubutun Wingdings, inda J hoton fuska mai fara'a ne. Manhajar da ba ta da wannan salo sai ta nuna J ɗin tsirara.

Da yake an ambaci Outlook: daga fitowarsa ta 2007 a kan Windows, Microsoft ya daina nuna saƙonni da injin burauza, ya miƙa aikin ga injin Word, manhajar buga takardu. Word bai san yawancin dabarun tsara shafi na zamani ba. Dole masu tsara imel suka ci gaba da gina saƙo da jadawali cikin jadawali, salon da masu gina shafuka suka yi watsi da shi tun da daɗewa.

Gmail kuma yana da nasa ma'auni. Idan HTML na saƙo ya wuce kilobait 102, sai ya datse shi, ya bar maka mahaɗin ganin sauran. Gindin saƙo ne ke tafiya, kuma a nan ne galibi ake ajiye wurin da za ka danna ka ce a daina turo maka.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗigon leƙen asiri. Hoto ne mai girman ɗigo ɗaya, marar launi, ido ba ya ganinsa. Ba a cikin saƙon yake ba, yana can a kwamfutar mai aikawa, kuma adireshinsa na ɗauke da lambar da aka ware maka kai kaɗai. Da zarar ka buɗe saƙon, manhajarka za ta je ɗauko hoton, shi ke nan ta kai rahotonka: ka buɗe, a lokaci kaza, sau kaza, da irin na'ura kaza, wani lokaci har da kusan garin da kake. Ba ka danna komai ba, ba a kuma nemi izininka ba. Masu turo saƙonnin banza suna amfani da shi su gane adireshin da ke da rai, su ƙara masa lodi. A 2013 Gmail ya fara ɗauko hotuna ta kwamfutocinsa, abin da ya rufe inda kake amma bai rufe cewa ka buɗe ba. A 2021 Apple ya ƙara gaba, ya ba masu amfani da manhajarsa ta Mail zaɓin a riƙa ɗauko hotunan ko an buɗe saƙo ko ba a buɗe ba, lissafin masu leƙen ya rikice.

Akwai dalilin da ya sa manhajojin imel ba sa barin umarnin JavaScript ya yi aiki a cikin saƙo. A ƙarshen 1999 wata cutar kwamfuta mai suna Bubbleboy ta nuna cewa a Outlook Express ganin saƙo kawai ya isa a kamu, ba sai an buɗe wani abin da aka maƙala ba. Yau manhaja ta gari sai ta tace saƙo, ta cire duk abin da ke iya ba da umarni, kafin ta ɗora shi a allo.

Ko saƙon da aka kulle da mabuɗin sirri bai tsira ba. A watan Mayun 2018 masu bincike daga jami'o'in Jamus da Beljiyam suka bayyana harin da suka kira EFAIL. Ba su fasa kullen ba. Sun nannaɗe kullallen saƙo a cikin adireshin hoto, manhajar mai shi ta buɗe kullen da kanta, sannan ta tafi neman hoton ɗauke da asirin zuwa wajen maharin.

Mafi sauƙin dabara kuma ita ta fi ɓarna. A HTML, rubutun da kake gani a kan mahaɗi daban, inda zai kai ka daban. Ana iya rubuta sunan bankinka a fili, a ɓoye adireshin ɓarawo a ƙarƙashi. Da irin wannan aka kama John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, a 2016: saƙo mai kama da na Google, da maɓallin sauya lambar sirri, daga baya dubban saƙonninsa suka fito bainar jama'a.

Don haka mai karatu, shiga saitin manhajarka ka kashe buɗe hotuna kai-tsaye. Kafin ka danna kowane mahaɗi a waya, ɗora yatsa a kai ka riƙe, ainihin adireshin zai fito. In bai yi daidai da sunan da aka rubuta ba, goge saƙon.