Tayil Ba Ya Tare Ruwa: Yadda Ake Kare Banɗaki Daga Yoyo Tun Kafin A Sa Shi

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar an lulluɓe banɗaki da tayil, to an gama da batun ruwa. Ba haka abin yake ba. Fuskar tayil kam ba ta shan ruwa, amma farin simintin da ake cike tsakankaninsa da shi yana sha, kuma yana tsattsagewa a hankali. Ta waɗannan ƴan layuka ne ruwa ke sulalewa ya shiga filasta, daga nan ya shiga bulo, wanda shi kuma tamkar soso yake.

Ɓarnar ba ta bayyana nan take. Sai daga baya a ga fentin ɗakin da ke jikin banɗakin ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya fito a gindin bango, ga warin danshi da ba ya tafiya. A gidan bene abin ya fi haɗari. Idan ruwa ya kai ga rodin da ke cikin kankare, sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka take fasa kankaren daga ciki. A lokacin babu wani gyara sai an farfasa tayil ɗin an sake aiki daga farko.

Kayan da ake amfani da su

Na farko shi ne sinadarin da ake zubawa cikin kwaɓin siminti, ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi. Sika-1, wanda Kaspar Winkler ya ƙirƙiro a Suwizalan a 1910, shi ne fitacce a wannan rukuni. Rauninsa shi ne idan bango ya tsage, kariyar ma ta tsage.

Na biyu shi ne shafi mai ɗan danƙo, wanda yawanci yake zuwa a gari da ruwa, a gauraya a shafa da burushi. Idan ya bushe yakan zama kamar fata, yana jure ƴar ƙaramar tsaga, kuma gam ɗin tayil yana kama shi sosai. Shi ya fi dacewa da yawancin banɗakuna.

Na uku shimfiɗa ce mai kama da leda da ake mannawa a bango, irin su Kerdi na kamfanin Schlüter da ke Jamus. Kwalta kuwa ta fi dacewa da rufi da harsashin gini, domin gam ɗin tayil ba ya kama ta kai tsaye.

Yadda ake aikin

Dole mai aikin famfo ya gama nasa tukuna, a buɗe ruwa a tabbatar babu bututun da ke ɗiga. Sannan a gyara daɓe ya gangara zuwa magudana, kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Idan babu gangara, ruwa zai riƙa kwanciya ƙarƙashin tayil komai kyan shafin.

Bayan filasta ta bushe, a share ƙura da maiƙo, a cike ramuka. Wuraren da suka fi yoyo su ne kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, bakin magudana, da inda bututu ya huda bango. A nan ake manna ƙyalle na musamman a cikin shafin don ƙarin ƙarfi.

Ana shafawa aƙalla sau biyu, na farko a kwance, na biyu a tsaye bayan na farkon ya sha iska. Daɓen gaba ɗaya ake shafewa, a hau bango da kimanin santimita 15 ko fiye, a wurin wanka kuma a kai mita 1.8. Inda ake wanka da bokiti, ana alwala da wanki a wuri guda, ruwa na fallatsa ko'ina, don haka gara a ɗaga tsayin a duk bangwayen. A lokacin hunturu da bazara iska na busar da shafin siminti da wuri har ya tsage, saboda haka a ɗan jiƙa bangon kafin a fara, a kuma rufe taga.

Gwaji kafin tayil

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa saboda gaggawa. Idan shafin ya gama bushewa kamar yadda kamfanin ya rubuta a jikin mazubin, a toshe magudana, a tare bakin ƙofa, a cika daɓen da ruwa na ƴan santimitoci, a yi alama a bango, a bar shi aƙalla awa 24. Sai a duba ko ruwan ya ragu sosai, a kuma leƙa bayan bango da silin ɗin ƙasa.

Na'urori biyu na taimakawa a nan. Ƙaramar na'urar auna danshi, da ake dangwalawa a bango, tana nuna laimar da ido bai gani ba. Kyamarar zafi da ake maƙalawa a waya, irin su FLIR One, tana nuna wurin da ya fi sanyi, wanda sau da yawa shi ne inda ruwa ya taru.

Ya kamata mai gida ya ga wannan gwaji da idonsa kafin ya ba da izinin ɗora tayil ko guda ɗaya, domin da zarar an rufe, babu mai sake ganin abin da ke ƙarƙashi.