Lalle a kai: ja ne, ba baƙi ba

Duk sa'adda sallah ko lokacin bukukuwa ya matso, sai maganar furfura ta taso a wurin zubi. Wata ta ce haihuwa ce, wata ta ce ɗawainiyar gida. Daga nan sai a fara nuna ma juna ƴan kwalayen da aka sawo a kasuwar Laraba ta Ƙonni, ko aka tsallako da su daga Illelar Najeriya, da hoton mace mai gashi baƙi wuluk. Mai saidawa ya ce lalle ne. To ƴan uwa, tunda yanzu muna iya karatu, ya kamata mu san abin da muke ɗora ma kanmu.

Lallen gaskiya launi ɗaya gare shi: ja. A cikin ganyen akwai sinadarin da masana ke kira lawson, shi ke kama gashi da fata da akaifa. A kan baƙin gashi ba ya canza komai sosai, sai ɗan ja-ja da ake gani cikin rana. A kan furfura kuwa yakan fito jawur kamar miyau na goro, sannan ya ƙara duhu bayan kwana 2 ko 3. Iyakarsa ke nan. Duk garin da aka ce zai maida kai baƙi ƙirin cikin rabin awa, an haɗa shi da wani abu, kuma galibi sinadarin PPD ne, irin na dayis.

Wannan PPD ɗin ba abin wasa ba ne. Wata za ta sa sau ɗaya, sau biyu, lafiya lau. Ran nan sai kai ya kama ƙaiƙayi, fuska ta kumbura, idanu su rufe, ƙuraje masu ruwa su feso bayan kunne da wuya. Sau da yawa sai an kwana ɗaya ko biyu abin ke fitowa, shi ya sa ake ɗora ma sammu ko iska. Kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi har abada. A ƙasashen Turai an ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi, an kuma hana zana shi a fata. Wanda ake ƙulla mana a leda babu suna, wa ya auna shi? In yaro ya haɗiye, yana kisa. Wadda ta ga kumburi ta wanke kai nan take ta nufi likita da kwalin a hannu. In numfashi ya fara wuya, kada a jira gari ya waye.

Gane na ƙwarai ba wuya. Garinsa kore ne mai ɗan duhu, yana ƙamshin ganye. In ya zo da ƴar kwalbar ruwan da za a haɗa, ba lalle ba ne. Mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi ganyen, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe sau biyu, na biyun da ƙyalle mara kauri, don hakin da ya saura wahalar fita gare shi daga gashinmu.

Ga gashi madaidaici, kamar giram 100 ya isa. A kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a ɗiga lemun tsami ko ruwan tsamiya kaɗan, ya yi kauri kamar kunu. A rufe a bar shi awa 4 zuwa 6. Cikin zafin bazara yakan nuna da wuri, lokacin ɗari sai ya kwana. A tsefe kitso, a wanke kai sosai, don mai yana hana lalle kamawa. A raba gashin kashi-kashi, a shafa tun daga tushe, a rufe da leda da kallabi awa 2 zuwa 4. A wanke da ruwa mai yawa. Lalle yana busar da gashi, saboda haka bayan wanki kada a yi rowar man shanu ko man kaɗe. Ko da na gida ne, a fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira kwana 2. Wadda ta sa man miƙar da gashi kwanan nan ta dakata ƴan makonni, kuma kada a sa a kan da ke da gyambo ko makero.

Wadda jan bai yi mata ba, garin busasshen ganyen baba yana maida shi ruwan ƙasa mai duhu. Ganyen muke nufi, ba ruwan marina mai toka ba. Gishirin lalle kuma na ƙafa ne, ba ya zuwa kai, kuma don Allah a nisanta shi da gishirin miya. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa rina furfura da lalle sunna ce, baƙi ƙirin ne ake da magana a kai. In an wanke kwaɓin, launin da ya rage ba ya hana alwala ko wanka.

Abu guda da ba kowa ya sani ba: kada a shafa ma jariri lalle, ko a kai ko a jiki. Akwai yaran da ake haifa da wani raunin jini na gado da likitoci ke kira G6PD, ya fi yawa ga maza, kuma ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Lalle na iya farfasa musu jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Iyayenmu kakanni, ku yi haƙuri da wannan.

Akwai kuma kuɗi a ciki. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ke riƙe asusu shi ne ƙaramar sana'a mai juyawa. Lalle yana son zafi, yana jure ƙishi, ana dasa reshensa ya kama, kuma yana yin shinge. Ƙungiyoyin da ke da garka a Tsarnawa, Galmi, Dogerawa ko Badagishiri za su iya kewaye albasarsu da shi. Waɗanda ba su da fili su ɗauki bashi a akwati su sari ganye, su tankaɗe, su ƙulla, su rubuta sunan ƙungiya da watan da aka daka, don gari in ya daɗe ƙarfinsa yana raguwa. Sharaɗi ɗaya muke roƙo a sa cikin dokar ƙungiya: duk wadda aka kama ta haɗa dayis a garin da ke ɗauke da sunanmu, ta biya tara, a kuma janye kayan daga kasuwa.