Amsar Wasiƙunku: Neil Young, Mawaƙin da Ya Tsaya wa Manoma

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan tireda, ya aiko yana cewa: Shin a cikin mawaƙan Turawa masu kiɗan rok akwai wanda ke kula da kukan talaka, ko kuwa duk holewa ce kawai?

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Akwai su, kuma yau za mu kawo maka tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Neil Young. Shi dai kiɗan rok, kiɗa ne na jita mai aiki da lantarki da ganguna masu ƙara. An haifi Young a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1945, amma a Amurka ya yi suna.

Waƙarsa ta nuna ƙin zalunci da ta fi fice ita ce "Ohio". Ran 4 ga Mayu, 1970, ɗaliban Jami'ar Kent da ke jihar Ohio suka fito zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, bayan Shugaba Nixon ya tura sojoji Kambodiya. Sai sojojin jihar suka buɗe wuta, suka kashe ɗalibai 4, suka raunata 9. Da Young ya ga hotunan a mujalla, nan take ya tsara waƙar, shi da abokan waƙarsa uku suka ɗauke ta a faifai tun watan bai ƙare ba. Ya ambaci sunan Nixon ƙarara, abin da ya sa wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta. Ka ji jarunta!

Yanzu ga inda abin ya shafe ka, malam. A farkon shekarun 1980 ƙananan manoman Amurka sun shiga uku. Sun ci bashin banki sun sayi gonaki da taraktoci, sai kuɗin ruwa ya hau, farashin amfanin gona kuma ya faɗi. Bankuna suka riƙa ƙwace gonakin gado suna gwanjonsu. A watan Yulin 1985, wajen wasan tara wa Habasha taimako saboda yunwa, mawaƙi Bob Dylan ya ce ya kamata a tuna da waɗannan manoma su ma. Young da Willie Nelson da John Mellencamp suka ɗauki maganar, suka shirya wasan Farm Aid, wato agajin manoma, a jihar Illinois ran 22 ga Satumba na wannan shekara. Mutane wajen 80,000 suka halarta, aka tara fiye da dala miliyan 7.

Bai tsaya nan ba. A 2006 ya fitar da faifai guda kan yaƙin Iraƙi, har da waƙar neman a tsige Shugaba Bush. A 2015 kuma ya juya kan Monsanto, kamfanin sayar da iri, wanda a lokacin yake sa manomi hannu a yarjejeniya cewa ba zai ajiye iri daga girbinsa ya shuka baɗi ba, sai dai ya sake saye. Kotun ƙolin Amurka ta ba kamfanin gaskiya a 2013, amma Young ya ce shi bai yarda ba. Duk wanda ya taɓa ware damin iri a rumbu ya san nauyin wannan magana.

To shin waƙa tana sauya gwamnati? Shi kansa Young ya faɗa a 2008 cewa zamanin da waƙa za ta sauya duniya ya wuce. Yaƙin Biyetnam bai ƙare ba sai 1975, manoma da yawa kuma sun rasa gonakinsu duk da agajin. Amma fa waƙa tana hana mantuwa: sama da shekara 50 ke nan, wanda duk ya ji "Ohio" sai ya tuna da ɗaliban nan huɗu.

Da fatan ka gamsu, malam. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa kasuwa ta yi kyau. Sai mun ji daga gare ku.